Odinatar da Ta Ƙi Buɗe Rubutun Babana

Na tsani na'urar nan, kuma ba zan ɓoye ba. Tana nan bisa armuwar, kabad ɗin tufafina, a ɗakina na unguwar Zariya a nan Maraɗi, cikin baƙar jakarta. Lafiyarta lau. Duk takardar da aka sa mata, buɗewa take yi kafin mutum ya ƙifta ido. Jikokina in sun zo su ce in kunna masu ita, in ce ta lalace. Ƙarya nake yi masu. Gyara ta aka yi, kuma gyaran ne ya cuce ni.

Bari in fara da abin da ke cikinta, don in ba a san shi ba za a ce tsufa ne ya sa nake gaba da ƙarfe.

Babana manomi ne a Jiratawa. Ba malami ba ne, amma ya yi karatun allo mai zurfi, kuma yana da kundi: takardu ne warwatse, ba ɗinki, a naɗe cikin jar fata. Da alƙalamin kara da tawada yake rubutu, da ajami. Haihuwa, mutuwa, shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ranar da aka haƙa rijiyar gida, duk yana sawa. Mu tara ya haifa. Kowa layi ɗaya ya samu, mai rabo ya samu biyu. Ni kaɗai nawa ya cika shafi guda har ya juya baya. Na san haka ne don sunana kaɗai nake iya ganewa a ajami, shi ma da ƙyar. Ina shekara bakwai aka cire ni daga makarantar allo aka kai ni lakkwal, makarantar boko.

A wancan zamani ba gata ba ne a kai yaro lakkwal. Umarni ke zuwa cewa kowane gida ya ba da ɗa guda, mutane su yi ta ɓoye ƴaƴansu cikin rumbu. Babana na da maza biyar, ya tsallake su duka ya miƙa ni. Na girma ina jin mata a bakin rijiya suna cewa wanda ba za a ji rashinsa ba shi ake bayarwa. A gabana suke faɗa, ba su ko rage murya. Shi bai taɓa ce mini ga dalili ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba, don ba a tambayar babana. Na gama karatu, na zama malama, har na zama shugabar lakkwal ɗin garinmu. In na je gaishe shi ya ce "madalla" ya ci gaba da gyaran ƙotar hauyarsa. Da ya rasu, abin da ya rage mini in san ko zaɓa ta ya yi ko yar da ni ya yi, shafin nan ne kaɗai.

Bayan sadakar arba'in babban yayanmu ya ɗauki kundin. Na roƙe shi aron yini ɗaya, ya ba ni yana ta kafa sharuɗɗa. Na kawo shi Maraɗi, na shiga wata sibar kusa da kasuwa, inda ake bugawa da ɗaukar hoton takardu. Na tsaya a kan mai aikin yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, arba'in da uku, gaba da baya. Ya zuba mini su a ƴar kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa na'ura, ya mai da su irin takardun nan da ake kira pedeyef, na dawo gida na kwafe su cikin odinata, wato kwamfuta, na tara su a dosiye guda, ma'ajiyar takardu, na sa masa suna Jiratawa. Ita kile ɗin ta shiga hannun malamai lokacin jarrabawa, daga wannan sai wancan, har ta ɓata. Ban damu sosai ba. Damina biyu bayan haka aka yi wani ruwa da ya ƙi tsayawa, ɗakin yayanmu ya rufta. Allah ya sa ba kowa ciki. Da aka tono akwatinsa, kundin ya dame kamar fura. Daga ranar rubutun babana bai rage ko'ina a duniya ba sai cikin na'urar nan.

Za a ce me ya hana ni bugawa a takarda in ajiye. Ni ma na tambayi kaina har na gaji. Kullum cewa nake sai an yi hutu.

Ita odinatar, surukina ne ya ba ni, mijin ɗiyata ta fari. Ɗan gidan alhazai ne, irin waɗanda motocinsu ke kai da kawowa tsakanin nan da ƙetaren iyaka, kuma yana da babban shagon wayoyi da na'urori a Sabon Gari, nan cikin Maraɗi. Wata biyu da aure ya aiko da ita, gaisuwar suruka. Ta hannu ce, daga Kano aka taho da ita, don haka Ingilishi kaɗai take ji. Ni kuwa Faransanci aka koya mini. Baƙaƙen da ake dannawa ma ba inda yatsuna suka saba suke ba. Shekara shida muna zaune haka, ba ta jin nawa, ba na jin nata, amma aikin lakkwal na tafiya.

Nakan buɗe shafin nan lokaci lokaci, in ƙara masa girma har baƙaƙen su cika fuskar na'urar, in zauna ina kallo. Malamai birjik a Maraɗi da za su iya gwadawa, amma ban so baƙo ya dubi idona ya karanta mini cewa ubana bai damu da ni ba. Ga shi hannun babana murɗaɗɗe ne, ba wasali, ɗigon ma sai inda ya ga dama. Mutum ɗaya na yarda da shi, Baffa, ƙanen babana, wanda ya koma Tsibiri da zama tun ina ƙarama. Gaban malami ɗaya suka yi karatu, hannunsu iri ɗaya ne. Shi kuma yanar ido ta rufe masa gani tun kafin rasuwar babana. In faɗi gaskiya, hakan bai ɓata mini rai ba, don na samu hujjar jinkiri. Tsoron shafin nake ji.

Sai aka yi masa aikin ido. Wata ranar Lahadi ya sa aka kira ni a waya, ya karɓa da kansa. Ya ce, "Ɗiyata, idon ya buɗe, har zaren tabarma nike gani. Ki taho Juma'a bayan masallaci da takardun yayana, tun ba a sake rufe mani shi ba." Ya haura tamanin a lokacin. Na ce to.

Ranar da la'asar na kunna odinatar don wani rahoto. Sai ta shiga wannan sabunta kanta da take yi ba wanda ya sa ta, lambobi na hawa a fuskarta. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai a jone take aiki. Ana tsaka da haka aka ɗauke wuta, ta mutu ɗif. Ban ɗauki abin a bakin komai ba, na rufe ta na tashi na ɗora tukunya.

Litinin da na dawo daga aiki a lakkwal ɗin Jiratawa na ce bari in duba takardun kafin Juma'a. Na danna shafin sau biyu. Taga ta buɗe, toka-toka, wani ɗan zobe ya yi juyi uku, ta rufe kanta. Na sake, haka ta yi. A na uku sai ga ƙaramin akwati da layi biyu na Ingilishi da maɓalli ɗaya. Na danna maɓallin, akwatin ya tafi, ba abin da ya biyo baya.

Na kashe na kunna. Na zare waya daga bango na mayar. Na kife ta na ciro mataccen batirin, na hura wurin na mayar, yadda muke yi wa radiyo. Na gwada shafi na ɗaya, na goma, na arba'in, duk tafiyarsu ɗaya. Sai na gwada wata sanarwa da aka aiko mana daga ofishin masu duba makarantu, ita ma pedeyef ce, ita ma ta ƙi. Amma jerin sunayen ɗalibai da na buga da hannuna ya buɗe lafiya. Nan na ɗan samu numfashi. Shekara talatin ina gaban allo, na san in aji duka ya faɗi tambaya ɗaya to ba daga yaran ba ne. Takardun na nan, sunayensu na nan, har ƙananan hotunansu ina gani, ga jar fatar nan a gefen na farko. Abin da ke buɗe su ne, wanda na'urar ta zo da shi tun asali, ya samu matsala.

Na zage ta, a fili, ni kaɗai cikin ɗaki. Na ce mata ƴar banza, gwanjon wasu, wadda aka gama mora a wata ƙasa aka turo mana. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga ta ce da wa nake, na ce da akuya.

Na kwafi layukan Ingilishin nan baƙi bayan baƙi a takarda. Talata da safe na kai wa wata malama abokiyar aikina da ta yi zaman aure a Katsina. Ta karanta ta ce, "Madan, cewa ta yi abin ba zai iya buɗewa ba."

Na ce, "Wannan ai na gani da idona. Ba ta ce don mi ba?"

Ba ta ce ba. Malamar ta ce in kawo ta washegari mu duba tare, in ta gagara akwai wani mai gyara a bakin tasha da take kai wa tata. Da na bi wannan shawara da yau ba ni da labarin bayarwa.

Da yamma ƙanwata ta zo. Ita ta riƙe ɗiyar tawa tun daga yaye, kamar yadda ake yi da ɗan fari, kuma gidanta na Sabon Gari, layi biyu da gidan yarinyar. Ni ban taɓa kiran sunan ɗiyar nan ba. "Waccan" nake cewa, ko "ta wajenki". Mijinta kuwa ban taɓa kallon tsakar idonsa ba. In muka hangi juna a hanya ɗayanmu ke sake layi. Lambarsa na cikin wayata shekara shida, ban taɓa dannawa ba. Duk abin da ke tsakanina da su ta bakin ƙanwata yake bi. Har alfahari nake yi da haka. Tun ina budurwa ake cewa lakkwal ta cire mana kunya, ni kuwa na ɗaura niyyar sai an ga tawa ta fi ta matan da ba su taɓa riƙe alli ba.

Ta same ni da na'urar a cinya. Na gaya mata abin da ya faru, na ce gobe zan kai ta bakin tasha.

Ta riƙe baki. "Yaya, bakin tasha? Surukinki na da shagon da ya fi na kowa a Sabon Gari, shi ya ba ki abin nan, ki ɗauka ki kai wa wani? Masu gyaran nan duk sun san juna. Kafin azahar magana ta kai gidan Alhaji, a ce uwar matarshi ta raina shi."

"To su ce."

"Ke za su ce wa? Ita za su ce wa. Ita ke zaune cikinsu."

Na dubi na'urar da ke cinyata. Can na ce, "Rubutun Baba na ciki. Ba shi ko'ina sai nan."

"Shi ya sa ma. Wa zai kula maki da shi kamar na gida?"

Na shiga ɗaki na yagi takarda. Na rubuta layi uku da Faransanci: abin buɗe takardu ne ya lalace, kada a share komai, dosiyen da aka rubuta wa Jiratawa ba shi da kwafi. Na ninke na sa a aljihun jakar. Sai na tsaya ina hango mutumin nan ya buɗe ya ga rubutun hannun surukarsa, tana ba shi umarni kamar ɗan aji uku. Kunya ta rufe ni. Na ciro takardar na yayyaga na zuba a murhu. Ni da na rubuta wa iyayen yara wasiƙun da ban san iyakarsu ba, har da masu zafi, na kasa aika layi uku Sabon Gari.

Na fito na ce wa ƙanwata, "Ki ce mata ta ce mashi takardu ba su buɗuwa. Ya gyara abin da ke buɗe su kaɗai. Kada ya share komai, kada ya taɓa komai. Maimaita in ji."

Ta maimaita tana dariya, ta ce ai ba ajina take ba. Ta rataya jakar ta tafi.

Laraba na yini a lakkwal ina faɗa da kowa. Malamar nan ta tambaye ni ina na'urar, na ce tana hannun na gida. Ta ce to ai shi ke nan.

Alhamis bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gida, na ji muryarsa ce. Na ja mayafi na shige ɗaki na saki labule. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya tako tsakar gida, ya durƙusa nesa da ƙofa. Muka gaisa ta bayan labule, doguwar gaisuwa, gida, aiki, zafi, Alhaji, Hajiya. Sannan ya turo jakar har ta taɓa bakin labulen.

"Inna, ga na'urar. Da hannuna na yi aikin, ban bar kowa a shago ya taɓa ta ba. Na sa mata sabon batir. Na juya ta Faransanci, don na ji an ce Ingilishin na wahalshe ku. Yanzu ba takardar da za ta gagare ta, in Allah ya so."

Daɗi ya kama ni, ba zan yi ƙarya ba. Na sa masa albarka iyakar iyawata. Na ce Allah ya buɗa kasuwa, Allah ya ba shi masu yi masa, Allah ya raya zuri'a. Yana ta amsawa kansa a ƙasa. Tsakanina da shi taku uku ne da ƙyallen labule. Tambayar ko takarduna na nan ta zo mini har baki, na haɗiye ta don kada ya ji kamar tuhuma ce. Ya yi sallama ya tafi.

Na kunna. Ta tashi da sauri, ta gaishe ni da Faransanci. An canza hoton fuskar, an sa masallaci. Na duba kusurwar dama inda dosiyen Jiratawa ke zama. Babu. Na ce ko matsar da shi ya yi. Na shiga wurin ajiyar takardu, fayau. Na rubuta sunan a wurin nema, ta ce ba ta samu komai ba, wannan karon da harshen da nake ji sarai. Jerin ɗalibai babu, rahotannin shekara shida babu, waɗannan ban ko tsaya jin zafinsu ba. Dosiye ɗaya ne ƙato a tsakiya, an rubuta masa "Na Inna". Na buɗe. Karatun Alƙur'ani ne izu sittin da muryoyi daban daban, da tafsirin azumi na shekaru, da wa'azi, da hotunan aikin hajji masu motsi. Ya cika ta maƙil don ya faranta mini rai.

Ban san lokacin da na fito titi ba. Na tare kabu-kabu, babur ɗin haya, ni da na yi shekaru ban hau ba, na ce Sabon Gari. Na iske ƙanwata tana tankaɗe a tsakar gida.

"Mi kika ce mata?"

"Abin da kika ce in ce."

"Faɗa mani yadda ya fito daga bakinki."

Ta ajiye rariyar. "Na ce takardu ba su buɗuwa, ya duba, ya bi a hankali."

"Kada ya share komai fa?"

"Yaya, maganar taki ta yi kaifi. Suruki ne fa. Na ɗan rage mata."

Na ce ta aika a kira mini yarinyar. Ta zo da goyo, ta durƙusa daga gefe kamar kullum, tana jiran in yi magana da ƙanwata ita kuma ta tsinta. Na juya na dube ta, na kira sunanta. Shekararta ashirin da tara, ranar ta fara jin sa daga bakina, kuma da tsawa ya fito. Ta ɗago a firgice.

"Mi kika ce wa mijinki?"

"Na ce takardu ba su buɗuwa."

"Sai mi?"

"Shi ke nan."

"An ce maki ya bi a hankali."

Ta sunkuyar da kai. "Ya zan ce mashi uwata ta ce ya bi kayanta a hankali? Sai ya ga kamar zarginshi ake yi."

Na faɗi maganganu da yawa ranar. Na ce da ita da ƙanwata duk sakarkaru ne, an ba su saƙo sun cinye rabi a hanya. Na ce mijinta jaki ne da aka buɗe wa shago, bai san gyara ba sai shara. Na ce wane irin mai gyara ne zai kwashe kayan mutum ya zubar bai ko tambaya ba. Ta bar ni na gama, hawaye na zuba, ɗan da ke bayanta na ta kuka.

Sannan ta ce, "Ya tambaya. Ya ce in jiyo ko akwai abin da za a ajiye. Na zo nan Laraba na ishe an tahi suna, gida a kulle. Ni kuma ba ni iya zuwa wajenki da magana. Na koma na ce mashi ba na jin akwai." Ta share fuska da bakin zane. "Ke da kike da lambarshi, mi ya hana ki kira shi?"

Na juya na nufi ƙofa. Har yau ban amsa ba, kuma har yau ina jin haushinta da ta yi tambayar.

Zan fita ƙanwata ta riƙe mini mayafi, ta roƙe ni don Allah kada maganar ta kai kunnensa, in ya ji ba zai ƙara iya shiga gidana ba, auren ma sai ya girgiza. Na fizge mayafina na fita, amma ban kai masa ba. Bai sani ba har yanzu. Duk Sallah sai ya aiko a tambaye ni ko na'ura na lafiya, in aika a ce lafiya lau.

Juma'a da safe na ɗauke ta na kai bakin tasha, inda ya kamata in kai ta tun Laraba. Mai gyaran dattijo ne cikin ƴar rumfar kwano. Ya jona mata wani abu, muka zauna kusan awa biyu ina kallon layi na rarrafe a fuskarta. Daga ƙarshe ya girgiza kai.

"Hajiya, da formate kaɗai aka yi mata, aka goge ta aka bar ta wayam, da na tono maki su, ko da rabi. To an zuba kaya a kai har baki. Sabon ya take tsohon."

Abin da ya iya cirowa rabin jerin ɗalibai ne da wasu hotuna biyu da suka fito toka zalla. Ya tambaye ni asalin ciwonta, na gaya masa. Ya yi tsaki. Ya jawo tasa na'urar, ya danna wata takarda da maɓallin dama, ya zaɓi a buɗe ta da abin shiga intanet. Ta buɗe.

"Shi ke nan fa. Ko ki kwafe su a kile ki shiga kowace sibar su buga maki."

Wannan bai taɓa zo mini a rai ba. Na ɗauka abin da ya ƙi buɗuwa ba ya kwafuwa. Ya ce wa ya yi mini wannan aiki, na ce ban riƙe sunansa ba.

Bayan an sauko daga masallaci na shiga motar Tsibiri hannu rabbana. Na iske Baffa ƙarƙashin dogon yaron ƙofar ɗakinsa, bisa sabuwar tabarma, da farar rigarsa ta Juma'a da sabon tabarau. Ya sa an kife turmi a gabansa an shimfiɗa masa ƙyalle, wurin ɗora na'ura. Tun daga nesa hannuwana yake kallo.

Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa takardun sun tafi wajen gyara, ba su dawowa. Ya sauke idonsa kan turmin.

Na ce, "Baffa, ko ka taɓa karanta shi? Shafin nan mai sunana."

"Na taɓa," ya ce da sauri. "Da daɗewa. Ya rubuta da kaka anka haife ki, hatsi ya yi kyau shekarar. Ya ce duk cikin ɗiyanshi ke kin fi kai, shi ya sa ya zaɓe ki. Ya ce ke ce farin cikinshi."

Da bazara aka haife ni, ana tsakar zafi. Innata ta sha faɗa mini har na haddace. Kuma wanda ya san babana ya san ba zai tsoma alƙalami a tawada don ya rubuta farin ciki ba. Baffa na magana yana kallon turmin.

"Baffa, don Allah. Ka karanta ko ba ka karanta ba?"

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Bai taɓa bari na taɓa kundin nan ba. Shekara arba'in ba mu zauna tabarma guda ba, ni da shi, kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. Ni ma jira nike in gani ko ya sa sunana."

Ya goge idon da aka yi wa aiki da bakin riga, abin da likita ya hana shi. Matarsa ta kawo fura ta ajiye, ta dube mu, ta koma madafa. Can ya ce, "Wa ya yi wannan aika-aika?"

Na ce, "Wani mai gyara ne a gari."

Ya ɗaga hannuwansa biyu. "To Allah ya isa tsakaninmu da shi."

Na san wanda addu'ar za ta je wa. Na san uban jikokina ne, na san ba da mugunta ya yi ba, na san jiya jiya na gama sa masa albarka. Na kuma san rabin laifin, ko fiye, yana durƙushe nan bakin tabarmar cikin mayafina. Duk na sani. Na ce amin, da ƙarfi, har matar Baffa ta jiyo daga madafa. Shekara biyu ke nan ban janye ba.